Baiti na Goma Sha Tara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya yanka wa teku iyaka, ya ba ɗan Adam kai ya bar masa wahalar aiki da shi. Ya ku ma'abota sauraro, ni ne Cindo ɗan Nomau, mai yatsa shida a hannun hagu, wanda ya bar gidan ubansa yana da shekara ashirin da biyu don neman ilimi, ya komo da furfura da tsakuwa biyu. Ku gyara zama in gaya muku inda na baro ta ukun.

Tun ina ƙarami Allah ya hore mini hadda. Abin da na ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Mutanen garinmu suka yi ta zuga ni har na ɗauka ilimi shi ne wannan, kuma na gama da shi, saura in je in nuna wa duniya. Na bi ayarin fatake zuwa yamma wata bakwai. Na ratsa dajin da itatuwansa ke naɗe ganye idan baƙo ya yi magana, na hau duwatsun Garkuma, inda mutanen kan dutse suka tsare ni. Suka ce baƙo ba ya sauka sai ya kawo sunayen kakanninsu ɗari uku a jere, in ya kasa ya zauna yana musu kiwon awaki har ƙarshen ransa. Na roƙi tsohonsu ya karanto mini sau ɗaya, wai don in ji daɗin sunayen. Ya karanto, na mayar masa da su har da tarin da ya yi a tsakiya. Suka sallame ni da guzuri, kaina kuwa ya ƙara girma har hula ta so ta gagare ni.

A ƙarshen ƙasa na iske Birnin Kwalmadu, a bakin wani teku mai abin al'ajabi. Kullum da asuba ruwan yakan janye har ido ya daina ganinsa, ya bar wani makeken fili na laka da yashi da suke kira Shimfiɗa. Da azahar sai ya dawo da gudun da doki ba ya tsere masa. Can ƙetaren filin akwai tsibirin gishiri, wanda da shi birnin ke ci. Kwalekwale ba ya wuce tsakiyar hanya saboda duwatsun da ke farfasa shi, don haka da ƙafa ake zuwa, a bayan jagora. Wani wurin yana ɗaukar jaki da kayansa, wani wurin kuma, taku biyu daga nan, yana haɗiye mutum har gashin kansa.

Ilimin birnin duka yana Gidan Jagora, kuma waƙa ce guda mai baiti arba'in, wadda kakansu na farko ya tsara shekara ɗari biyu da suka wuce. Kowane baiti yana faɗin dutsen da za a fuskanta da yawan takun da za a yi. Ɗalibi yakan rubuta ta a kan allo mai tsawon jikinsa, ya goge shi da mai har ya yi santsi, ya riƙa ɗaukarsa a ka duk lokacin da zai shiga Shimfiɗa. Allon nan ba ya taɓa laka. Wanda nasa ya taɓa, korarsa ake yi, ana cewa teku ya shaida shi, ba zai ƙara barinsa ya wuce ba.

Shugaban gidan wani dogon tsoho ne, Tunau, ana masa laƙabi da Uban Waƙa. Na shiga cikin ɗalibansa, a wurinsa kuma na fara jin dokarsu. Idan wani ya nutse a ayari, ba a bincike, domin waƙa ba ta kuskure, harshen jagora ne ya yi tuntuɓe. Sai a ɗauki jagoran a kwalekwale lokacin da ruwa ke janyewa, a kai shi wani tudun yashi a ƙarshen baiti na ashirin, a ɗaure shi a jikin wani gungume da suke kira Turke tare da allonsa. In wani ɗan'uwansa ɗalibi ya tako da ƙafa ya kwance shi kafin azahar, teku ya yafe. A shekara tara an ɗaure mutum goma sha ɗaya, babu wanda ya dawo. Na ukunsu ɗan Tunau ne na cikinsa, kuma da hannunsa ya ɗaure shi. Mutanen Kwalmadu suna ba da wannan labari da alfahari, ni ma a lokacin ya burge ni.

Yini guda na haddace waƙar. Abokin ɗakina kuwa, Hankurau, shekara uku ya yi yana fama da ita. Mutum ne mai nauyin baki da sanyin hali, wanda ke maimaita baiti ɗaya tun safe har la'asar, ni kuma ina tsokanarsa cewa jakunan gishiri sun riga shi saukewa. Ba ya fushi. Da zazzaɓin bakin teku ya kayar da ni, shi ya yi kwana goma sha biyu yana ɗura mini kunu da ludayi. Ina ƙaunarsa ƙwarai, amma ina raina kansa, kuma ban ga wani saɓani tsakanin biyun ba.

A gefen Shimfiɗa akwai wata tsohuwa mai gasa ƙaguwa, Inna Delu. Ɗalibai na yi mata kallon mai taɓin hankali, don ba a gama faɗa mata magana ba ta tambayi mutum ta ina ya sani. Wata rana ina cin ƙaguwarta na rera mata waƙar daga farko har ƙarshe, na kuma juyo da ita daga ƙarshe zuwa farko, don dai ta san da wa take zaune. Ta ce muryata da daɗi, sannan ta tambaye ni ko na san laka. Na ce ai yanzu na karanto mata ita kaf. Ta ce a'a, waƙa na karanto.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da tsakuwa uku. Fara, in ji ta, ta abin da mutum ya gani da idonsa ko ya taɓa da hannunsa ce. Baƙa ta abin da aka faɗa masa. Ja kuwa ta abin da yake so ya zama gaskiya. Duk maganar da ta faɗo mata a kai, kafin ta dogara da ita, sai ta tambaye ta wace tsakuwa ce tata.

"Baƙa ba ƙarya ba ce, ɗan nan," ta ce, "sai dai ka san aro ce. Ja ce mai kisa, don takan shafa farar ƙasa ta zo."

Na yi dariya, na ce Inna ta ƙaro gishiri a ƙaguwa.

Da damina ta yi nisa, kogin da ke zuba a arewacin birni ya cika ya yi ja. A makon nan aka ba Hankurau ayarinsa na farko, mutum ashirin da jakuna. Da hantsi muka ji kuka daga bakin Shimfiɗa. Sun juyo ba su kai ba, kuma wani mai dakon gishiri ya nutse shi da jakinsa, suna kallo. Tunau bai tambayi komai ba. Hankurau ma bai musa ba, ya sunkuyar da kai ya ce lalle ya ɓata wani wuri, ko da yake bai san ina ba. Aka tambaya ko akwai mai zuwa kwance shi gobe, babu ɗalibin da ya fito. Na ɗaga hannuna mai yatsa shida. Kada ku ɗauka jarumta ce tsantsa. Na yarda Hankurau ya yi kuskure, na yarda waɗanda suka taɓa zuwa ceto suka halaka su ma sun yi, na kuma tabbata harshena ba irin nasu ba ne.

Da asuba, bayan kwalekwale ya tafi da shi, Inna Delu ta tare ni a bakin ruwa. Ta tambaye ni ta ina na san waɗancan duka sun yi kuskure. Raina ya ɓaci, na ce mata yau ba ranar tambaya ba ce. Ba ta ja ba. Ta rataya mini 'yar jaka a wuya, tsakuwar nan uku a ciki, ta ce ita ba ta taɓa wuce baiti na biyar ba, don haka ba ta san abin da ke can ba, kada in ce ta faɗa mini komai. Aka buga gangar farko daga kan ganuwa. Sau uku ake bugawa: da janyewar ruwa, da tsakiyar lokaci, sai ta uku idan masu tsaro sun hango farin layin teku yana tahowa.

Na ɗora allo a kan malafata, na riƙe sanda, na shiga. Baiti goma sha takwas na wuce kamar ina tafiya a tsakar gidanmu. Daga nan ina hango Turke, ina hango Hankurau ɗaure da allonsa a baya, har iska tana kawo mini muryarsa. Waƙar yake karantawa, yana neman inda ya ɓata. Baiti na goma sha tara ya ce a sa Dutsen Hankaka a kafaɗar dama a yi taku ɗari biyu da arba'in. Na sa dutsen a kafaɗar dama. Ƙasar da ke gabana sumul take, tana sheƙi, ta fi duk wadda na wuce kyan gani. A taku na talatin ƙafar damata ta shige har gwiwa. Na ja ta, ta hagu ta bi. Kafin in ce me ke nan, laka ta kai mini cinya.

Abin da na fara yi, har yau ina jin kunyar faɗarsa. Ƙara ɗaga murya na yi. Na koma farkon baitin na karanto, na sake, na sake, hannu biyu suna riƙe da allo a ka, ina neman kalmar da na tsallake. Duk motsin da na yi sai in ƙara shigewa. Malafata ta zame ta faɗi gefe, sandar da na kafa a gefena ta nutse har ta ɓace. Laka ta kama ƙuguna, sanyi ƙalau, tana matsa ni a hankali. Sai na ji ganga ta biyu. Na san in na mutu a nan, Hankurau zai kalli mutuwata, sannan ya tsaya jiran tasa.

Na sunkuya don in yi numfashi, 'yar jakar ta bugi haɓata. Ban buɗe ta ba, babu hannun buɗewa. Amma na rufe bakina, wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro, na tsaya ina kallon abin da kaina ke yi. Na ga magana biyu ce ke tuƙa ni. Ta farko, waƙa ba ta kuskure. Wa ya gaya mini? Tunau. Shi kuma malaminsa, har zuwa mutumin da ya taka wannan wuri shekara ɗari biyu baya. Wannan baƙa ce. Ta biyu, ni na yi tuntuɓe. Na ji kaina na yi? Ban ji ba, sau huɗu na karanto daidai. To me ya sa nake ta neman laifin a bakina? Amsar ta yi mini ɗaci. In a bakina laifin yake, zan iya gyara shi da karatu, karatu kuwa shi kaɗai na iya. Ja ce, ta shafa farar ƙasa ta zo, kamar yadda tsohuwar ta faɗa.

Na ce to, bari in tattara fararen, ko da kaɗan ne. Ina nutsewa, wannan fara ce. Ruwa na tsatstsafowa kusa da cikina, launinsa ja-ja. Na karkatar da allo a hannu ɗaya, na ɗebo da yatsa na lasa. Babu gishiri ko kaɗan. Ruwan kogi ne, ya canza hanya yana bi ta ƙarƙashin laka, ya bar ɓawo mai kyau a sama. Da rani ɓawon yakan ɗauki ayari, da cikar kogi kuwa ba ya ɗaukar kowa.

Sanin dalili bai ciro mini ƙafa ba. Na hango sawun tsuntsaye ya ratsa filin zuwa Turke, zuciyata ta yi tsalle ta ce ga hanya, inda suka taka da ƙarfi. Na kusa yarda. Sai na tambayi kaina nauyin tsuntsu nawa ne, nawa kuma nawa ne, na bar wannan dabara tun ba ta kashe ni ba. Idona ya koma kan malafata. Ga ta nan kwance a kan lakar da ta haɗiye sanda, ko gezau. Sanda ta shiga a tsaye, malafa ta zauna a shimfiɗe. Ni ma a tsaye nake, kamar sanda. Na duba abin da nake da shi mai faɗi, na ga babu sai wanda ke kaina.

Hannuwana suka ƙi. Wallahi suka ƙi, kamar ba nawa ba. Wata takwas kacal na yi a Kwalmadu, amma tsoron allon nan ya riga ya shige ni. Na tambayi tsoron ko ya taɓa ganin teku ya bi wani da suna. Bai taɓa ba. Na yi bisimilla na kifa allon a laka, fuskar rubutu a ƙasa don ta fi santsi, na kwanta da ƙirji a kansa. Ya ɗan lotsa, ya tsaya. Na riƙa zaro ƙafa ɗaya a hankali, ina hutawa, ina sake ja, har ta fito, sannan ɗayar. Laka ta riƙe wandona, na bar mata shi ba tare da ciniki ba. Na durƙusa da gwiwa ɗaya a kan allo, ina tunkuɗawa da ɗaya ƙafar, sai ga ni ina sulɓi a kan wurin da ya ci mutane, da sauri fiye da mai tafiya.

Na isa tudun yashi na kwance igiyar. Hankurau bai dube ni ba, allona yake kallo, baƙin tawada yana zuba daga jikinsa. Na ce ya sauke nasa mu tafi. Ya ja da baya ya rungume Turke. Ya ce shi ya kashe mutum da harshensa, ba zai ƙara da wulaƙanta waƙa ba, in tafi in bar shi da hukuncinsa. Na so in mare shi. Rana ta kusa tsakiya, iska ta fara kawo ƙanshin teku. Amma na san wurin da yake tsaye, don yanzun nan na fito daga cikinsa.

"Ɗan'uwa," na ce, "karanto mini na goma sha tara."

Ya karanto, babu ko ɗigo da ya ɓace.

"Haka ka karanta jiya?"

"Haka nake zato."

"Ni ma haka na karanta yau, kuma kana kallo na nutse. Ka taɓa jin na yi tuntuɓe?"

Ya ce bai taɓa ba.

"To ta ina ka san ka yi kuskure?"

Ya saki Turke. Can ya ce, da ƙaramar murya, "Faɗa mini aka yi."

Na miƙa masa yatsana da jan ruwan nan a jiki, na ce ya lasa. Ya lasa, ya daɗe yana kallon filin. Sai hawaye suka zubo masa. Ya kwance allon da ya yi shekara uku yana rubutawa, ya kifa shi da hannunsa.

Muna tsakiyar wuri mai laushi ganga ta uku ta tashi. Ban waiwaya ba, amma ina jin rugugin a bayanmu. Da muka taka ƙasa mai ƙarfi muka ɗauki allunan muka zuba da gudu, muna karanta baitocin a juye, domin sauran sha takwas ɗin gaskiya suke faɗa, ƙafafuna sun shaida su da safe. A baiti na bakwai ruwa ya kama idon sawunmu, a na biyar ya kai ƙugu, a na uku ya ɗauke mu gaba ɗaya. Muka rungume allunan, suka taso da mu, igiyar ruwa ta yi ta wurgi da mu har ta watsar a gindin ganuwa, gaban jama'ar birni duka.

Babu wanda ya yi guɗa. Allunanmu suke kallo, wankakku fes, ba harafi ko ɗaya. Wasu suka fara cewa a kore mu. Tunau ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya sauko har inda muke kwance, ya umarci Hankurau ya karanta waƙar. Hankurau ya miƙe yana rawar sanyi ya kawo baiti arba'in cif. Tsohon ya juyo gare ni ya tambayi inda na nutse. Na ce na goma sha tara, taku na talatin, na gaya masa zancen ruwan da babu gishiri, na ce kada ya yarda da ni, gobe ya aika a lasa.

Ya juya ya dubi Shimfiɗa. Sannan ya ce ayarin ɗansa ma a na goma sha tara ya nutse, kuma da damina ne. Na huɗu ma haka, da na bakwai. Duka goma sha ɗayan ya san baitinsu, ya san watansu, domin shi ma mai hadda ne.

Inna Delu tana tsaye cikin mutane da kwandonta. Tunau ya dubi 'yar jakar da ke wuyana, ya ce ya san ta, an taɓa miƙa masa irinta shekara bakwai da suka wuce ya yar. Ya buɗe tafin hannunsa. Na zazzage masa tsakuwar uku, ina zaton baƙa zai ɗauka, tunda shi ma faɗa masa aka yi. Yatsunsa suka wuce ta, suka ɗauki ja.

"Tun a kan na huɗu na fara gani," ya ce. "Amma in waƙa ce ta ɓata, to yarona bai yi komai ba."

Ya damƙe ta, ya juya ya hau ganuwa shi kaɗai, ya bar ni da fara da baƙa. Washegari ya sa aka tumɓuke Turke. Hankurau ya zauna a Kwalmadu, shi ke fita da sanda bayan kowace cikar kogi yana gwada ƙasa kafin ayari ya taka, kuma nauyin bakin da nake masa dariya a kai shi ya sa ba ya faɗin abin da bai taɓa ba. Ni kuwa na ci gaba da yawona.

Wannan shi ne abin da ya same ni a bakin tekun yamma. A wurina farar tsakuwa ce, ku kuwa yanzu baƙa ce a wurinku, sai ku san yadda za ku riƙe ta. Allah shi ne mafi sani.